Sati Shida Ina Wanke Abin da Ba a Wankewa

Masu bibiyar labarin nan, kun ce na ɓuya. Ban ɓuya ba. Abin da zan rubuta ne ban so rubutawa ba.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Kelepi, shekarata ashirin da uku. A tsibirin Tonga aka haife ni, a nan jihar Queensland na girma, a hannun yayar babana, Gwaggo Losaline. Ina gama sakandare na shiga mayankar shanu ta bayan gari, inda rabin mutanen cocinmu ke aiki. Yarinyar da nake so sunanta Heilala. Ita ma a can take aiki. Babanta ma haka.

Aikina wanki ne. Sa na zuwa a rataye a sarƙa, ƙafafun baya a sama, wuya a ƙasa, an feɗe shi, an kwashe kayan ciki, zarto ya raba shi biyu. Duk daƙiƙa ashirin ɓari ɗaya ke wuce ni. Mesa ce a hannuna. Ina wanke garin ƙashin da zarto ya bari a gadon baya, da gudajin jinin wuya. Daga sama zuwa ƙasa, a hankali, kada ruwan ya fantsama kan na kusa. Daga wurina sai akwatin wanki, dogon ɗaki na ƙarfe mai labulen roba, bakunan feshi ashirin da huɗu a cikinsa, ruwan zafi digiri tamanin da biyu. Ɓari ya shiga ja, ya fito fari-fari yana tururi, ya wuce ɗakin sanyi.

Doka ɗaya ce a wurin nan da ba a wasa da ita. Jini ana wankewa. Garin ƙashi ana wankewa. Amma kashin dabba, ko gashi, ko abin cikin tumbi, ba a sa masa ruwa. Yanke wurin ake yi da wuƙa, a jefar, a tsoma wuƙar a ruwan zafi. In ka fesa wa ɗigon ƙazanta ruwa, ido zai daina ganinsa, amma ka raba shi ne ga ɓarin gaba ɗaya, daga cinya har wuya.

Baba Motuliki ne ya koya min wannan, ranar da na fara aiki. Shi ne baban Heilala.

Yana tsaye a kan dandamalin ƙarfe, taku biyar kafin wurina, sama da kaina. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wurin. Aikinsa duba cinya, ya yanke duk abin da bai kamata ya wuce ba. Ba ya yawan magana. A coci shi ke ta da waƙa, in ya buɗe baki tagogi har rawa suke yi. A layi kuwa in ya ɗaga gira ɗaya, sabon ma'aikaci sai ya wuni yana duba abin da ya ɓata.

Wata Talata cikin Oktoba ɓari ya iso gabana da ɗigo a cinya. Kamar ƙwayar wake, kore mai duhu. Na ɗaga kai. Baba Motuliki na wasa wuƙa, ya riga ya juya ga na gaba. Bai gani ba.

Abin da ya kamata in yi na sani. In tsayar da sarƙa. Jiniya ta yi kuka, ogan layi Craig ya zo, a rubuta sunan mai wuƙar da abin ya wuce. Sau uku a wata, sai a tura mutum gwajin lafiya, kuma a shekarun Baba Motuliki wanda aka tura ba ya komawa dandamali. A gaban mutum sittin. Ni kuma lokacin sati biyu ke nan da ya fara amsa gaisuwata da sunana.

Na ɗaga mesar. Daƙiƙa biyu. Ɗigon ya tafi.

Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Washegari biyu suka zo. Ranar Juma'a huɗu.

Sai na fara lura da shi a waje. A coci littafin waƙa na hannunsa amma ba ya juya shafi. In zai zuba shayi sai ya sa ɗan yatsa a bakin kofin. Mota kuma ya daina tuƙawa, wai gwiwa. Ciwon suga ya daɗe da shi, kowa ya sani. Idon ne ba wanda ya sani.

Ku da kuke cewa a ƙasan rubutuna Kelepi yaron kirki ne, ku daina.

Yanzu ga aikin Heilala. Ita ce mai duba tsabtar nama. Farar riga har gwiwa, shuɗiyar hular kwano, allo a hannu. Duk safiya tana shiga ɗakin sanyi da soso a leda, ta goga a cinya, ta goga a haƙarƙari, ta goga a ƙirji, a kai ɗakin gwaji a ƙirga ƙwayoyin cuta. Sai ta sa hannu nama ke shiga kwantena ya tafi Japan. Ita ce 'yar tsibiri ta farko da aka ba wa rigar nan. Ranar da ta samu, matan coci sai da suka yi mata rawa a bakin titi, babanta na tsaye gefe hannu a baya, kamar ba shi ba.

A sati na biyar saƙonta ya shigo lokacin hutun safe.

"Lambobi sun hau. Ban gane ba."

Na rubuta mata wataƙila zafi ne, bazara ta shigo.

"Zafi ba ya shiga ɗakin sanyi, malam. Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ban ci ba.

Akwatin wanki ta fara zargi. Ta sa aka auna ruwan, tamanin da biyu cif. Ranar Asabar ta sa makaniki ya kwance bakunan feshin ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kansa da tocila. Aka samu uku sun toshe. Ta turo min hotonsu a tafin hannunta, da ɗan hoton mai rawa. Kwana biyu na yi ina numfashi kamar mutum. Har na fara gaya wa kaina ashe ba ni ba ne.

Ranar Alhamis sakamako ya dawo. Bai sauka ba.

A motarta muka ci abincin rana, gilas a rufe, sanyi a kunne. Rogo da kifin gwangwani ta kawo mana a roba ɗaya. Ta cire hular gashi, ta ɗora allon a kan sitiyari tana nuna min da cokali. Ta ce abin da ke damunta, cinya ce ya kamata ta fi datti, don can fata ke fara buɗewa. Amma ƙirji da wuya ne suka fi yawa. Wato abu na gangarowa daga sama. Wato akwai mai wanke abin da ya kamata a yanke. Ta ce manaja ya gaya mata in zagaye na gaba bai gyaru ba, za a kawo wani daga birnin Brisbane ya zauna a kujerarta, ita ta koma ɗakin zuba nama a kwali.

"Mesa biyar ce a layin nan," ta ce. "Taka kaɗai na cire daga zargi."

Na tambaye ta dalili.

"Baba ne ya koya maka."

Rogon ya tsaya min a wuya. Ta miƙo min ruwa tana dariya, ta ce mutum ƙato kamar firji amma bai iya haɗiya ba. Ta goge min haɓa da bayan hannunta. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ta ce Lahadi in sa farar rigar nan mai dogon hannu, ba shuɗiyar ba, shuɗiyar tana sa in yi kama da mai gadin kanti.

Maganar Lahadi ke nan. Gwaggo Losaline ta sa rana za ta kai ni gidan su Heilala neman aure. Ba shawarata ta nema ba. A wurinmu yayar uba in ta yi magana, uban ma kansa ƙasa yake kallo. Ta ji labarin ɗan limamin coci na Brisbane, Samiu, ya zo garin sau biyu da uwarsa, sun sauka a gidan su Heilala, kuma maman Heilala ta yanka musu rago. Gwaggo ta kira ni kicin, ta ce shekara biyu ina raka yarinya mota kamar kare, ko Lahadin nan ko ta ɗauki waya ta sa a turo min mata daga Vava'u, can Tonga, wadda ta zaɓa da kanta, kuma ba za ta duba kyau ba.

Ranar Juma'a a ɗakin canza kaya, Maka ya zauna kusa da ni. Ɗan Gwaggo ne, ya girme ni da shekara shida, shi ke riƙe zarto. Ya fara da tsokana kamar kullum, wai surukin dandamali, wai in na auri mai shuɗiyar hula sai ta riƙa goga min soso a hammata duk safiya kafin ta bar ni in fita. 'Yan ɗakin suka yi dariya. Da suka watse ya ci gaba da ɗaure igiyar takalmi, bai dube ni ba.

"Mesarka na hawa sama da yawa kwanan nan, ƙanina."

Na ce garin ƙashi ne.

"Ni ke yin garin ƙashin. Ba ya kai wa cinya."

Ya miƙe, ya dafa kafaɗata, ya fita. Bai ƙara cewa komai ba har yau.

Lahadi bayan coci. Baƙin zani na maza, farar rigar da ta ce, tabarmar ƙugu ta babana wadda Gwaggo ke ajiyewa ƙarƙashin katifa. Da hannunta ta ɗaura min, ta ja igiyar har numfashina ya sarƙe, ta ce in miƙe bayana, ba gawa za mu kai ba. Ita ta sa doguwar rigarta mai ruwan ƙwai, ta shafa man kwakwa har goshinta na ƙyalli. Maka ya loda babbar tabarma da ƙyallen ɓawon itace, kayan neman aurenmu, a bayan mota. A hanya ta haddace min: kada in zauna sai an ce, kada in miƙe ƙafa, kada in ci kamar a gida, in an tambaye ni abu in bar ta ta amsa.

Gidansu na bayan filin ƙwallo. Sun kwashe kujerun falo an shimfiɗa tabarmi. Hotuna sun cika bango, furannin roba a kan talabijin, fanka biyu na juyawa ba sa yin komai. Maman Heilala ta karɓe mu da fara'ar da ba ta wuce leɓe ba. Heilala na kicin, ina jin muryarta tana faɗa da ƙanwarta a kan faranti.

Kafin a fara magana Baba Motuliki ya ce in zo in taya shi buɗe ramin da ake gasa nama. Gwaggo ta harare ni, alamar tashi.

Bayan gida, mu biyu. Na kwashe buhunan da aka rufe ramin da su, tururi ya taso da ƙamshin naman rago da ganyen gwaza. Shi yana tsaye, hannu a baya. Sai ya ce:

"Ruwa na da murya, Kelepi. In ya bugi ƙashi daban, in ya bugi kitsen cinya daban. Idona ne ya tafi, ba kunnena ba."

Ƙunshin naman da na ciro daga ramin na ƙona ni, ban ajiye ba.

Ya ce yanar ido ce ta rufe masa idanu, na dama ya fi. Sunansa na layi a asibiti, an ba shi Afirilu. Aikin minti ashirin ne, a cire, ya dawo kamar da. Matarsa ba ta sani ba, 'yarsa ba ta sani ba. Ya ce shi ba mutuwa yake tsoro ba. Abin da ba zai iya ba shi ne a sauko da shi daga dandamalin nan a gaban yaran da ya koya wa riƙe wuƙa, kuma takardar saukowar da sa hannun 'yarsa.

"Ka riƙe ni zuwa Afirilu."

Na ce masa Baba, lambobinta na hawa. Za su cire ta.

Ya ce akwatin zai kashe sauran.

Shi da bakinsa ya gaya min, shekara huɗu da suka wuce, akwatin na rage abin da ido ba ya gani ne, ba ya gyara ƙazantar da mutum ya shafa da gangan. Na dube shi. Bai dube ni ba, ko kuma ya duba bai gan ni ba, ban sani ba. Afirilu wata huɗu ne.

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba. Na ɗauki tiren naman na bi bayansa, na ga yadda yake shafa bango da gefen hannu kafin ya taka matakala.

A falo Gwaggo ta yi jawabinta. Ta faro daga kakan kakana, ta bi ta ƙauyenmu, ta zo kan babana da ya rasu, ta yi kuka daidai inda ya kamata. Maka ya shigo da kayan ya shimfiɗa. Maman Heilala ta fara cewa ai yarinya ba gaggawa take ba, akwai masu magana da yawa, sai an yi addu'a. Baba Motuliki ya ɗaga hannu ta yi shiru.

Ya ce ya ga samari da yawa sun wuce ta gabansa a layi. Ya san wanda ake juya wa baya a kwana lafiya. Ya ce ya ba ni.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Maka ya doki bayana. Na hango Heilala a bakin ƙofar kicin da tawul a hannu, tana cije leɓe don kada ta yi dariya a gaban manya. Shekara biyu ina mafarkin wannan minti. Da ya zo, abin da nake ji kawai igiyar tabarmar nan a cikina.

Da yamma muna gida, Gwaggo na waya da Tonga tana ba da labari da ƙarin gishiri, saƙon Heilala ya shigo.

"Baba ya ce bai taɓa ganin yaro mai amana irinka ba. Me ka yi masa?"

Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge. Na tura mata hoton zuciya.

"Gobe zan tsaya a layi da kaina. Mesa bayan mesa, rabin awa kowacce. Taka ce ta ƙarshe, in zo in huta."

Yau Litinin.

Biyar da rabi sarƙa ta tashi. Ina hango shuɗiyar hularta can farkon layi, wajen masu feɗe fata. Kafin hutun safe ɗigo biyu suka zo min. Na wanke su. Ba zan ɓoye muku ba, na wanke su, hannuna ya riga ya saba, kafin kaina ya yanke shawara ruwan ya fita. Baba Motuliki bai waiwayo ba.

Goma da minti ashirin ta iso. Ta tsaya bayan kafaɗata ta hagu. Ba a jin magana a wurin, kowa da abin toshe kunne, sai ta ɗan taɓa takalmina da nata. Gaisuwar ke nan.

Ɓari goma, tsaf. Ashirin, tsaf. Gumi na bin bayana cikin rigar leda. Na fara ƙirga mintuna. Na roƙi Allah abin da na san bai kamata a roƙa ba. Talatin. Na ga Baba Motuliki na kai fuskarsa kusa da nama fiye da kullum, ya san tana nan. Arba'in da biyar.

Sai ga shi. A bayan cinya, ƙasa da ƙugiya kaɗan, ɗigo biyu manne da juna da silin gashi a tsakani.

Na saci kallonta. Kanta na ƙasa, tana rubutu a allo. Ba ta gani ba. Daƙiƙa biyu nake buƙata. Ko ma in bar shi ya shige akwatin, in ce ban lura ba.

Kada ku ce jarumta. Hannuna ne ya ƙi ɗaguwa. Tana tsaye a bayana ta saki jiki, ta zo hutawa, shi ke nan abin da na iya tunawa.

Na saki mesar na danna jan maɓalli.

Jiniya ta ɗauka. Sarƙa ta tsaya, ɓarurruka na lilo suna bugun juna. Zarton Maka ya mutu. Mutum sittin suka juyo. A shekara huɗu ban taɓa jin wurin nan shiru haka ba, sai ruwa na zuba a magudana.

Heilala ta ɗago. Ta bi yatsana da ido, ta ga ɗigon. Ta dubi dandamali. Ta dawo da ido kan ɓarin, ta bi shi daga cinya zuwa haƙarƙari zuwa wuya, a hankali, yadda ruwa ke bi. Na ga lokacin da ta gane. Fuskarta ba ta canza ba, alƙalamin ne ya daina motsi.

Ta matso, ta ɗaga abin kunnena da yatsa ɗaya.

"Yau ne na farko?"

Da na ce e, da na zama gwarzo. Wanda ya tsayar da layi a kan surukinsa washegarin baiko. Babanta ba zai ƙaryata ni ba. Maka ba zai yi magana ba.

"Sati shida," na ce. "Har da biyu yau da safe."

Ta saki abin kunnen ya koma ya bugi kumatuna.

Craig na tahowa da saurinsa yana tambayar laifin waye. Ba ta jira shi ba. Ta miƙa masa allon, ta ce a riƙe duk naman da ya shiga ɗakin sanyi tun safe, kada ko ɗaya ya fita. Sannan ta hau matakalar dandamali.

Baba Motuliki na tsaye da wuƙa a hannu. Ta karɓe ta, ta tsoma a ruwan zafi, ta bar ta a ciki. Sai ta sa hannu biyu ta cire masa hular kwano da gilashin aiki, ta riƙe kansa, ta juya fuskarsa wajen fitila tana duba idonsa. A wurinmu ɗa ba ya taɓa kan ubansa. Ko wasa, ko yana barci. Na ji wata tsohuwa daga ɓangaren kayan ciki ta ja numfashi. Duk 'yan tsibirin da ke layin suka sunkuyar da kai. Turawa da 'yan Filifin na kallo, ba su san me ya faru ba.

Bai hana ta ba. Ya tsaya kamar yaro ana duba masa ƙwarƙwata.

Ta ɗaga yatsu a gabansa, nesa da tsawon hannu. Ban ji abin da ya ce ba. Na ga dai ta sauke hannun. Ta riƙo gwiwar hannunsa ta sauko da shi, taku ɗaya-ɗaya, tana gaya masa inda zai sa ƙafa. Da suka zo daidai ni ya tsaya. Na zaci zai tofa min yawu. Ya ce kawai, ba ga ni ba, ga iska: "Afirilu na ce." Maka ya ajiye zarto ya zo ya tafi da shi.

Ita ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da a satin farko ka gaya min, likita kawai za mu kai shi. Da an mayar da shi ƙasa wata huɗu, ba wanda zai ji. Na zauna a mota ina nuna maka takardata kana cin abincina. Yanzu ni zan rubuta sunan ubana. Da naka. Da nawa, don ni na sa hannu a kan naman sati shida."

Na ce mata na yi ne don kada in rasa ta.

"Na sani. Shi ya fi ba ni tsoro."

Craig na kiran sunana. Na san ba lokacinsa ba ne, amma bakina ya riga ni. Na ce, mu fa?

Ta dubi rigarta, ta dube ni.

"Kada ka tambaye ni wannan da farar rigar nan a jikina."

Awa biyu na yi a ofis. Na faɗi komai, sun rubuta, na sa hannu. Sun karɓi katin aikina, sun ce in zauna a gida sai sun kira. Aka ɗora wani a dandamali, aka ba wani mesata, sarƙa ta ci gaba. Ina jin ƙararta daga nan.

Ban tafi gida ba. Ina cikin motata a filin ajiye motoci, layi biyu bayan tata. Gwaggo ta kira sau huɗu, ta turo saƙon murya tana tambayar ko Fabrairu ya yi, don a fara neman zauren biki. Ta turo na biyu, ban buɗe ba. A wayar nan nake rubuta muku, yatsuna har yanzu warin kitse suke yi.

Ƙarfe huɗu take cire rigar. Tana rataye ta a ƙusa, ta wanke hannu har gwiwa, ta fito ta ƙofar gefe. In ta fito, ko ta yi hagu wajen motarta, ko ta miƙe ta zo nan.

Yanzu huɗu saura minti goma sha biyu.